Ƙuri'ar Maraɗi: Haja mai tsada, riba a aljihun dillali

Duk mai bibiyar siyasar Jamhuriyar Nijar ya san taswirar da masu sharhi suka saba zanawa idan zaɓe ya ƙarato. Tawa ta PNDS-Tarayya ce. Damagaram tana bayan Mahaman Usman ko wace riga ya sa. Yamai da wani yanki na Tilaberi sun daɗe suna amsa kiran marigayi Hama Amadu, ita kuwa Doso ba ta manta da Mumuni Adamu Jarmakoye da jam'iyyarsa ta ANDP-Zaman Lahiya ba. Idan aka zo kan Maraɗi sai alƙalami ya tsaya, domin babu jam'iyyar da ta taɓa riƙe jihar ta ce gadon gidansu ce. CDS-Rahama ta yi zamaninta, MNSD-Nasara ta yi nata, RSD-Gaskiya ta taso daga cikin gida, PNDS ta yi ƙarfi bayan ta hau mulki, daga baya CPR-Inganci ta ɓullo a birnin.

Wasu na kallon wannan a matsayin aibi, suna cewa Maraɗawa ba su da alƙibla, inda iska ta kaɗa nan suke bi. Wannan hukunci bai yi wa mutanen adalci ba. Maraɗi gari ne na kasuwa, kuma mutanenta sun ɗauki ƙuri'a kamar yadda suka ɗauki kowace haja: ba a bayar da ita don kunya, sai an yi ciniki. A tsarin dimokuraɗiyya wannan ƙarfi ne, domin ɗan siyasa ya fi jin tsoron wanda zai iya juya masa baya fiye da wanda ya riga ya sa a aljihu. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ke zama a teburin cinikin. Shekara 30 ana sayar da ƙuri'ar Maraɗi da tsada, amma manomin Ɗan Issa da mai tallar fura a Madarumfa, waɗanda su ne masu hajar, ba su ne ke karɓar kuɗin ba.

Nauyin da jihar ke da shi

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, Damagaram kaɗai ta fi ta. A majalisar dokoki mai kujeru 171 da aka yi aiki da ita daga zaɓen 2016 har zuwa juyin mulkin 2023, Maraɗi na da kujeru 31, ban da kujerar musamman ta Barmo. Babban birnin ƙasa, Yamai, kujeru 10 gare shi. Ma'ana, duk hayaniyar siyasar Yamai da gidajen rediyonta da zanga-zangarta, nauyinta a akwati bai kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin Maraɗi ba.

Wannan nauyi kuwa ba a cikin birni yake ba. Mutanen birnin Maraɗi a waccan ƙidaya ba su kai dubu 300 ba. Ragowar miliyoyin suna Tasawa, Mayahi, Dakoro, Agye, Gazawa, Gidan Rumji da Madarumfa. Gundumar Madarumfa, wadda ta kewaye birnin ta kudu har zuwa iyakar Najeriya, ta fi birnin kansa yawan jama'a, kuma ƙaramar hukumar Ɗan Issa kaɗai tana da mutum sama da dubu 90. Birni ke da alhazai da ofisoshin jam'iyyu da motocin yaƙin neman zaɓe, ƙauye ke da ƙuri'a. Duk wanda bai riƙe wannan bambanci ba, ba zai gane siyasar yankin ba.

Duk da haka, tun daga Jori Hamani har zuwa yau, babu shugaban ƙasa ko ɗaya da Maraɗi ce tushen siyasarsa. Mahaman Usman ɗan Damagaram ne, Tanja Mamadu daga Maine Sorowa ta jihar Difa, Mahamadu Isufu daga Dandaji ta jihar Tawa, Bazum Mohamed kuwa Tesker ce mazaɓarsa. Maraɗi na naɗa sarki, ba ta hawa gadon.

Inda ɗabi'ar ta samo asali

Maraɗi ta ginu ne a kan ƙin miƙa wuya. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sabuwar hedikwata a nan, shi ya sa har gobe ake kiran mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi. Da Turawa suka ja layin iyaka, sai suka bar Katsina a hannun Ingila, Maraɗi a hannun Faransa, alhali dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Issa kusan kilomita 40 ne, daga nan sai Jibiya, sai Katsina. Yamai kuwa tana can nesa da fiye da kilomita 600. Mutumin da naira ke yawo a aljihunsa tare da sefa, wanda farashin gero a kasuwar Jibiya ya fi shafar tukunyarsa fiye da jawabin minista, dole ya kalli gwamnatin Yamai da idon ɗan kasuwa: me za ta buɗe, me za ta rufe, nawa za ta karɓa a hanya.

A ƙarshen mulkin mallaka, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta sami magoya baya a garuruwan kasuwanci na wannan yanki, a tsakanin ƙananan 'yan kasuwa da direbobi da leburori, tana kuma da alaƙa da NEPU ta Malam Aminu Kano a ƙetaren iyaka. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi a ce a'a ga Faransa, amma gwamnatin mulkin mallaka ta haɗa kai da sarakuna da PPN-RDA, aka kayar da ita, a 1959 kuma aka haramta ta. Darasin da talaka ya ɗauka daga wannan ya daɗe a zuciyarsa: wanda ya yi jayayya da mai mulki a fili yana iya rasa komai.

Daga nan aka shiga zamanin jam'iyya ɗaya, sai mulkin soja daga 1974. A waɗannan shekaru ne alhazan Maraɗi suka yi ƙarfi, da farko ta cinikin gyaɗa, daga baya ta shigo da kaya daga tashar ruwan Kwatano ana tsallakawa da su Najeriya. Irin wannan kasuwanci ba ya tafiya sai da lasisi da sassaucin kwastan da kwangilar gwamnati. Saboda haka babban ɗan kasuwa ba ya iya zama ɗan adawa na dogon lokaci, ko da zuciyarsa na so. Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa bayan babban taron ƙasa na 1991, su ne masu kuɗin ɗaukar nauyin yaƙin neman zaɓe, su ne masu yara a kowace kasuwar ƙauye, su ne waɗanda ake bin bashin hatsi a wurinsu lokacin bazara. Ɗan takara daga Yamai ba ya bukatar ya san Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma. Ya san ƙofar alhaji ɗaya ko biyu ya wadatar.

Zagaye na biyu, ranar babbar kasuwa

Tsarin zaɓen shugaban ƙasa mai zagaye biyu ya ƙara wa wannan ciniki armashi. Tun 1993, in aka cire zaɓen 1996 mai cike da taƙaddama da Janar Bare Mainasara ya shirya, babu wanda ya lashe kujerar a zagayen farko. Kullum sai an koma ga waɗanda suka zo na uku da na huɗu da na biyar an nemi goyon bayansu, kuma kullum akwai farashi.

A 1993 Tanja ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen AFC ya taru a bayan Mahaman Usman ya ci da kashi 54 cikin 100. Isufu ya zama firaminista, Jarmakoye ya zama shugaban majalisa. A 1999 da 2004 Usman ya mara wa Tanja baya, shi ma ya riƙe shugabancin majalisa. A 2011 Hama Amadu ya ɗaga hannun Isufu, ya sami wannan kujerar. A 2021 Seini Umaru ya goyi bayan Bazum, wanda ya ci da kashi 55 da ɗoriya, shi ma aka ba shi ita. Sau biyar ana maimaita abu ɗaya. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma ba haramun ba ne a siyasa. Ko a Turai haka ake kafa gwamnatocin haɗin gwiwa.

'Yan siyasar Maraɗi sun karanci wannan kasuwa da kyau. Amadu Shefu, ɗan Kornaka, wanda ya riƙe muƙamin firaministan riƙon ƙwarya daga 1991 zuwa 1993, ya fice daga CDS ya kafa RSD-Gaskiya a 2004. A shekarar ya sami kimanin kashi 6 cikin 100 a zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyarsa ta sami kujeru 7 a majalisa, ƙarfinta kuma a jihar Maraɗi yake. Ya goyi bayan Tanja a zagaye na biyu, daga baya ya shugabanci majalisar ba da shawara kan tattalin arziki da zamantakewa, a zamanin Isufu kuma ya zama mai shiga tsakani na ƙasa. Kasum Moktar, wanda ya yi magajin garin Maraɗi, ya kafa CPR-Inganci, ya tsaya takara a 2016, ya shiga ɓangaren masu rinjaye, ya zama minista.

Babu laifi ɗan siyasa ya shiga gwamnati, don mulki ake siyasa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: a duk waɗannan yarjeniyoyi da aka ƙulla da ƙuri'un mutanen jihar, a ina aka taɓa karanta wa jama'a takardar da ke cewa an ba da goyon baya bisa sharaɗin za a yi hanya kaza, a gina asibiti kaza, a rage shingayen da ke tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa cikin wata kaza? Abin da ake sanarwa a rediyo shi ne sunayen waɗanda suka sami muƙami. Mai haja yana gona, dillali ya sayar, ya karɓi kuɗi, ya kuma riƙe la'ada da uwar kuɗin gaba ɗaya.

Ɗan majalisar da ba a san ƙofarsa ba

Akwai wani abu a dokar zaɓe da ya fi kuɗin alhazai tasiri, amma ba a cika tattauna shi ba. A Nijar kafin juyin mulkin 2023, jiha guda ita ce mazaɓar 'yan majalisa. Mutumin Ɗan Issa ba ya zaɓen mutum, tambarin jam'iyya yake dangwala wa. Jam'iyya ce ke jera sunayen 'yan takara 31 na jihar baki ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Wanda zai shiga jerin da wanda za a bari, shugabannin jam'iyya ne ke yankewa. Saboda haka ɗan majalisa ya san wanda ya yi masa rana, kuma ba talakan da ya yi layi cikin zafin rana ba ne. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara ɗaure shi, domin duk wanda ya fice daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujerarsa.

Wannan tsari yana da amfaninsa. Yana ba ƙananan jam'iyyu damar shiga majalisa, yana hana jam'iyya ɗaya kwashe komai da ƙaramin rinjaye, kuma shi ya sauƙaƙa aiwatar da dokar kason mata, wadda ta fara da kashi 10 cikin 100 a shekarar 2000, ta koma 15 a 2014, ta kai 25 a 2019. Amma a jihar da ta tashi daga iyakar Najeriya har zuwa makiyayar Barmo, wakilai 31 na kowa da kowa sun zama wakilan da ba na kowa ba. Idan rijiya ta ƙafe a wani ƙauyen Ɗan Issa, wa za a je wa? Idan shekara biyar ta cika, wa za a hukunta? Ba a iya kayar da mutum ɗaya sai an kayar da jerin gaba ɗaya.

Matakin da talaka ke iya ganin wanda ya zaɓa ido da ido shi ne na ƙaramar hukuma. Nan ma an yi masa rowa. Tun da aka kafa ƙananan hukumomin da ake da su yanzu, sau huɗu kacal aka yi zaɓensu: Yulin 2004, Disambar 2009, Janairun 2011, da Disambar 2020. Wa'adin kansiloli shekara biyar ne, amma waɗanda aka zaɓa a 2011 sun kusa shekara goma ana ta ɗage zaɓe ana tsawaita musu. Zaɓen shugaban ƙasa ba a yarda ya makara, domin manya ke da buƙata a ciki. Na magajin gari kuwa, wanda ke kula da kasuwa da makarantar firamare da takardar haihuwa, ana iya jingine shi har sai an ga dama.

Abin da Ɗan Issa ya gani

Hanya mafi sauƙi ta auna cinikin ita ce a duba abin da ya faru a lokutan da jama'a suka fi bukatar mai magana da yawunsu.

A 2005, shekara guda bayan zaɓen da ya ba Tanja wa'adi na biyu, jihar Maraɗi ce ta zama cibiyar matsalar ƙarancin abinci da ta ja hankalin duniya. Yankin da ake kira rumbun ƙasa shi ne ya cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa, alhali hatsi na nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gwamnati ta musanta cewa akwai yunwa. A 2008 ta dakatar da aikin reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi. Jihar tana da wakilai masu yawa a ɓangaren masu mulki a lokacin, amma yawansu bai sauya matsayin gwamnati ba.

A Disambar 2015 aka yi bikin Maradi Kolliya, aka gyara tituna da gine-gine a birnin, wata biyu kafin zaɓen Fabrairun 2016. Birni ya yi kyau, babu mai musun haka. Sai dai kwalliyar ta tsaya a inda manyan baƙi ke wucewa.

Daga 2019 'yan bindiga suka matsa wa gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, dubban 'yan gudun hijira kuma suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. An kafa rundunar Farautar Bushiya, sojoji sun yi ƙoƙari, amma manomin da ke kusa da dajin Baban Rafi ya san gonakin da ya daina zuwa. A watan Agustan wannan shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Garin da rayuwarsa ta dogara da motocin da ke tsallakawa ya yi wata 16 yana kallon titi. Abin lura, a Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun halarci gangamin yaƙin neman zaɓen Shugaba Buhari a Kano. Zumuncin manya ya kai a hau dandali ɗaya, amma bai hana a rufe wa ƙanana hanyar abinci bayan wata bakwai ba.

A ranar 7 ga Nuwamba 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman da ke ƙaramar hukumar Ɗan Issa, mutum aƙalla 18 suka rasu. Matasan da suka shiga wannan rami sun shiga ne don gona ta yi musu kaɗan, kasuwa ta mutu, aikin yi babu. Wata tara kafin nan an gama zaɓen da aka yi ta zarya a ƙauyukansu ana neman ƙuri'a.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ba a tambayi mutumin Ɗan Issa ba lokacin da aka yi juyin mulki, ba a tambaye shi ba lokacin da aka sa takunkumi, amma shi ya fara biya. Hatta layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai bi ta Jibiya, gwamnatin Abuja ce ta ɗauki nauyinsa. Babban aikin da zai fi sauya tattalin arzikin yankin bai fito daga cinikin ƙuri'arsa ba.

Rabon talaka a cikin laifin

Ba za a wanke mai zaɓe tas ba. Kowa ya san abin da ke yawo a daren jajibirin zaɓe: turmin atamfa, sabulu, sukari, 'yan kuɗin cefane. Kowa ya san yadda maigida ke yanke wa gidansa gaba ɗaya, da yadda mai gari ko malami ke nuna inda ya karkata ba tare da ya buɗe baki ba. Wanda ya karɓi sabulu ya sayar da shekara biyar, ya yi asarar da ba ɗan kasuwar kirki da zai yi.

Amma kafin a zarge shi, a duba lissafinsa. Ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce. Ya ga sojoji sun kifar da gwamnati a 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Ya ga jam'iyyar da ya zaɓa don ta yi adawa ta kwana a gwamnati. Bai san sunan ɗan majalisarsa ba, balle ya bi shi bashin alkawari. A irin wannan kasuwa, wanda ya karɓi abin da ya zo hannu bai yi wauta ba, ya san cewa bashin da ba shi da shaida ba a biyan sa. Matsalar tana ga tsarin da ya sa sabulun yau ya fi alkawarin gobe tabbas.

Kuma mutanen nan sun nuna sun iya haɗa kai idan abin nasu ne. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya kuma fitar da mata da suka tsaya takarar kansila suka ci. A jihar ne kuma manoma suka farfaɗo da itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tsiron kututture ya girma, tun daga shekarun 1980, har duniya ta zo koyo. Matan da ke iya riƙe asusu shekara da shekaru ba tare da ko dala ta ɓata ba, ba za su kasa riƙe lissafin alkawuran ɗan takara ba, idan aka ba su ɗan takarar da za su iya kamawa.

Yanzu da aka share allo

A yau babu zaɓe a Nijar. A Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, suka naɗa kantomomi. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairun 2025, Janar Abdurahman Tiani ya yi rantsuwa a ranar 26 ga Maris 2025 a kan wa'adin shekara biyar da ake iya sake dubawa, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Mutane da yawa sun yi murna, kuma ana iya fahimtar dalilinsu, domin jam'iyyun da suka haura 100 sun fi kama da rumfunan dillalai fiye da makarantun aƙida.

Sai dai rushe rumfa ba ya kashe dillanci. Alhajin da ke neman lasisi yana nan, mai neman muƙami yana nan, kuma sun fi kowa saurin gane sabuwar ƙofa. Wanda ya rasa abin hannunsa shi ne talaka, domin ƙuri'ar nan, duk da arhar da ake saye, ita kaɗai ce ke sa babban mutum ya taka ƙasar ƙauyensa sau ɗaya a shekara biyar. Kantoma na iya zama mutumin kirki mai aiki, amma wanda ya naɗa shi yake ba wa rahoto.

Ko ba daɗe ko ba jima za a rubuta sababbin dokokin jam'iyyu da na zaɓe. A nan ne ya kamata sarakuna da malamai da ƙungiyoyin manoma da na mata da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su sa baki tun kafin tawada ta bushe, kuma buƙatun ba su da yawa.

Na farko, a fara da zaɓen ƙananan hukumomi, a rubuta ranarsa a tsarin mulki yadda babu gwamnatin da za ta iya ɗage shi, a kuma tabbatar kason kuɗinsu na isa hannunsu. Na biyu, a rage girman mazaɓun 'yan majalisa zuwa gunduma, ta yadda Madarumfa za ta san nata wakilan da sunansu da gidajensu, a bar wani kaso na kujeru a ci gaba da rabawa bisa yawan ƙuri'u domin kare ƙananan jam'iyyu da kason mata. Na uku, duk yarjejeniyar goyon baya a zagaye na biyu a wajabta rubuta ta, a ajiye a kotu, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsunan ƙasa kafin ranar zaɓe. Na huɗu, a bayyana masu ba jam'iyyu manyan kuɗaɗe, domin jama'a su iya kwatanta sunayensu da na masu samun kwangila.

Mai ja da wannan zai ce a leƙa ƙetaren iyaka. Mutumin Jibiya yana da ɗan majalisar tarayya na mazaɓar Jibiya da Kaita, ya san shi da suna, amma hakan bai hana sayen ƙuri'a ba, bai kuma kare shi daga 'yan bindiga ba. Ƙananan hukumomin Najeriya ma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, saboda yadda gwamnoni suka danne su. Wannan gaskiya ne, kuma gargaɗi ne mai amfani: ƙaramar mazaɓa na iya zama gonar mai kuɗi ɗaya. Amma ko a can, ana kayar da ɗan majalisa mai ci idan ya gaza, ana tare shi a gidan biki ko wurin jana'iza a tambaye shi. Sanin wanda ake bi bashi bai tabbatar da biya ba, amma wanda bai san mai riƙe da kuɗinsa ba ko sallama ba zai iya yi ba.

Masu cewa Maraɗi ba ta da alƙibla suna so ne ta zama kamar sauran, ta rungumi ɗanta ɗaya ta bi shi ido rufe. Wannan ba zai amfane ta ba. Jihohin da suka yi haka sun ga yadda ake mantawa da su idan nasu ya faɗi, wani lokaci ma ko yana kan mulki, tunda an san ba za su je ko'ina ba. Abin da Maraɗi ke da shi ya fi wannan daraja: jama'a masu yawa da ba a gaje su ba, waɗanda kowane ɗan takara ya san sai ya zo ya nema. Abin da ya rage shi ne ranar da akwati zai dawo, mai gero ya zauna a kan buhunsa da kansa, ya faɗi farashinsa da bakinsa, a kuma rubuta a gaban shaidu.